Wuƙar Bahago

Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya shanye shinkafar fadama tun daga Auyo har bayan garinmu, ita ce shekarar da taubashina ya aiko a kira ni kan maganar wuƙar kakanmu. Amma bari in koma baya tukuna, don ka san abin da ke tsakanina da wannan ƙarfe.

Kakanmu ya je yaƙin duniya na biyu can ƙasar Bama, ya dawo da tari, da kunne ɗaya da ba ya ji, da wata wuƙa mai lanƙwasa, ƙotarta ta ƙaho. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, ya zare ta, ya wasa ta a dutse, sannan ya miƙa wa taubashina ya shafa mata man gyaɗa. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka nawa kallo ne. Har yau in ƙamshin man gyaɗa ya haɗu da na ƙarfe, sai in tuna da gindin tsamiyar nan.

"Bawa, matsa can, numfashinka zai sa ta tsatsa," in ji taubashina. Wasan taubasai ne, kowa ya yi dariya, ni ma in yi. In na koma kan allona kuwa, sai in tarar na bar rubutu ina zana wuƙa da tawada a gefe. Na san abin da addini ya ce game da hassada, na yi ta istigfari, amma ido bai daina kallo ba.

Da Allah ya karɓi ran tsoho, wuƙa ta bi gidan maza. Taubashina ya rataye ta a zaure, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa, kuma da ita yake yanka ragon layya. Muka yi furfura ban taɓa riƙe ta ba. Ban roƙa ba, shi ma bai yi tayi ba.

To, ranar da na amsa kiransa, na same shi zaune, yanar ido ta rufe masa gani, wuƙa a cinyarsa. Ya ce wani dillalin kayan tarihi ne ya zo daga Kano, yana bin gidajen da ruwa ya talauta yana sayen abin da kakanni suka bari. Ya karɓi wuƙar don ya nuna wa ubangidansa a sa mata kuɗi, daga baya ya dawo da ita ya ce ciniki bai faɗa ba.

"Tun da ta dawo hannuna bai yarda da ita ba," ya ce. "Ni na shafa ta, amma kai ka kalle ta. Duk duniya babu wanda ya kalli wuƙar nan kamarka. Duba mini, bawa."

Na sunkuya. Wanda ya ƙera ta gwani ne. Lanƙwasar ita ce, tambarin gindin ƙarfen ma yana nan. Sai dai tsatsarta ta bazu bai ɗaya, irin ta ƙarfen da aka binne a ƙasa da gishiri don ya tsufa da wuri. Sannan kakanmu bahago ne. Da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa, mutane da yawa ba su sani ba, amma da hagu yake wasa wuƙa. Kaifin tasa ya kwanta gefe guda, babban yatsansa kuma ya ci ƙahon ya yi gurbi. Wannan kuwa, mai amfani da hannun dama ne ya wasa ta.

Shaiɗan ya raɗa mini cewa in yi shiru, taubashina ya ci gaba da rataye ƙarya a zaure yana nuna wa baƙi. Na ci gaba da ƙura mata ido.

"Ka mutu ne?" in ji taubashina.

Na ce, "Ba ita ba ce."

Muka nufi masaukin dillalin kusa da kasuwa, ina riƙe da hannunsa muna kauce wa taɓo. Mutumin ya yi ta rantsuwa, sai da muka ambaci alƙali sannan ya jawo buhu ya zube wuƙaƙe a tabarma, duk kama ɗaya, kamar ƙwan kaza.

"To, Malam, zaɓa mana, tunda ka sani," ya ce yana murmushi.

Ban taɓa ko ɗaya ba, na nuna ta da yatsa. Na kai hannun taubashina kanta, ya ɗauka da hagu, yatsansa ya faɗa gurbin. Ya ce, "Alhamdulillahi." 

A hanya ya miƙo mini ita ya ce sandarsa ta ishe shi nauyi. Ashe ba ta kai nauyin da na yi mata zato ba tsawon rayuwata. Da muka isa ƙofar gidansa na mayar masa, sai ya janye hannu.

"Tafi da ita. Abin da ya kamata in ba ka tun muna yara ne, yau na biya. Amma ragona kai za ka riƙa yankawa, bawa ba ya hutu."

Tana ɗakina yanzu. Jikokinmu sukan shigo su ɗauki hotonta da waya su fice, babu mai tsayawa ya kalle ta har ya san ta. Shi kuwa yakan zo ranar Juma'a ya ce a ba shi ya taɓa. In na ga yadda take kwantawa a tafinsa, yadda ba ta taɓa kwantawa a nawa ba, sai in kau da kai in kama istigfari.