Tambayar Kuɗin Cefane

Ni ba mai neman rigima ba ce, amma idan aka kawo mini ita har ƙofar aji, ba na gudu. A ƙarshen shekarun tamanin ina koyar da tattalin gida a wata makarantar 'yan mata da ke cikin ganuwar Zariya. Lokacin kuɗi sun lalace, abin da ka saya jiya yau ya ƙara. Littafin da aka ba mu kuwa yana can yana koya wa yara yadda ake jera cokali da wuƙa a kan tebur. Wane tebur, don Allah? Yaran da ke cin tuwo a kan tabarma.

Sai na ajiye littafin. Na kwaso mudu da gwangwani daga gidana, da gero, da kuka, da daddawa, da kwalbar manja, na jera a kan benci. Na yayyanka kwalin sukari na rubuta naira a jiki. Na raba 'yan aji uku gida-gida, yara biyar-biyar, kowane gida na ba shi albashin wata na kwali, na ce su ci da kansu har watan ya ƙare. Ni ce mai kasuwa, kuma ba na ragi sai an iya tayi.

Wallahi ranar farko na sha dariya har da hawaye. Wani gida suka afka wa nama da atamfa, kafin kwana na goma ba su da ko kuɗin niƙa. Da na ga sun fara daidaita sai in buga benci in ce an yi haihuwa a maƙwabta, a fitar da na barka, ko baƙi sun sauka daga ƙauye, ko kananzir ya tashi. Su yi ta ƙorafi wai Malama muguwa ce. Na ce su bari su girma su gamu da watan gaske.

Da suka iya na kwali, na ce kowacce ta je gida ta tambayo nawa ake kashewa a cefanen mako. Nan na jawo wa kaina. A gidajenmu na cikin gari maigida ke cefane, a shigo da kaya, mata su dafa, ba mai tambayar nawa. Wata yarinya daga unguwar Kusfa, mai ƙwaƙwalwa amma ba ta san ɓoye-ɓoye ba, ta tarar da mahaifinta a zaure da abokansa, ta durƙusa ta yi masa tambayar a gabansu. Har ta ƙara da nawa ne albashinsa.

Washegari sai ga Alhajin a ofishin Hajiya shugabar makaranta, aka aiko kirana. Babban ma'aikaci ne, kuma kowa ya san maganarsa tana shiga a sama. Ya ce na sa 'yarsa ta tozarta shi, kamar wanda ya gaza ciyar da gidansa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, don laifin nawa ne, ya kamata in ce musu su tambaya a keɓe. Har ya fara saukowa. Sai Hajiya ta ce in rubuta takarda kafin Litinin cewa na tashi kasuwar na koma littafi, in ba haka ba a mayar da ni ƙauye.

Raina ya ɓaci, na miƙe. Na ce, "Alhaji, haƙurin zaure na bayar, kuma har zuciyata. Amma kasuwar nan ba zan tashe ta ba. Ranar da mahaifina ya rasu, Innata ba ta san kuɗin mudun gero ba. Masu awo suna cutarta tana yi musu godiya."

Ya dube ni ya ce, "Malama, ashe ba kya son aikinki." Ya fice.

Hajiya ta ja ni gefe tana lallashi, wai in rubuta kawai, in ƙura ta lafa in ci gaba a ɓoye. Na ce ba sata nake koyarwa ba da zan ɓoye. Amma kada in yi ƙarya, na ji tsoro. 'Ya'ya uku gare ni, ga Inna tana zaune da ni a Ƙofar Jatau, kuma da ƙafa nake zuwa makarantar, ko sisi ba na kashewa. Ranar Lahadi sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Litinin na tafi hannu ba takarda, na buɗe kasuwa, na ɗaga murya yadda za a ji daga ofis.

Bayan mako biyu takardar canji ta zo. Makarantar da aka tura ni sai na hau mota biyu kafin in kai. Na zauna na yi lissafi, na ga ba inda kuɗin motar zai fito sai daga nama. Na cire shi daga miyarmu, kuma shekara huɗu bai dawo ba sai ranar Juma'a.

Ranar farko da na ajiye wa Inna tuwo bayan na cire naman, ta juya miyar da ludayi ta ga wayam. Na shirya jin faɗa, don ta san taurin kaina ne ya jawo. Ba ta yi ba. Ta matsa mini a kan tabarma.

Ta ce, "Zauna. Nawa ne kuɗin motar? Kuma ke nawa ake biyanki?"

Shekararta saba'in, ba ta taɓa yi wa kowa wannan tambayar ba. Na zauna na faɗa mata duka.