Hayaƙin Ɗangiwa

Malam Ɗangiwa na Kebbe bai taɓa tsallake 'ya'yan gawo a ƙasa ba. Sai ya duƙa ya tsince, ya jefa aljihu. Gawo ne ya riƙe gonarsa tun zamanin mahaifinsa. Da rani shanun Fulani su ci 'ya'yan, su bar masa taki, da damina itacen ya zubar da ganye ya ba gero rana.

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi a asibitin Tambuwal, sai Atu taubashinsa, ɗan gwaggonsa, ya kawo wasu 'yan kamfani gonar. Aka sare gawon, aka ƙone shi gawayi, aka dasa bini-da-zugu, wai za a matse mai na mota.

"Kai tsoho, ba ka san zamani ba," in ji Atu ranar da ya dawo. "Man ga ba irin fetur ba ne. Hayaƙin da mota za ta fitar, shukar ta riga ta shanye shi."

Ɗangiwa ya daɗe yana kallon kututturan.

"Hayaƙin gawon fa, bawana? Wa zai sha shi?"

Atu ya yi dariya. Kamfanin bai kai damina uku ba ya ɓace. Ko akuya ba ta cin bini-da-zugu, Fulani suka canza hanya, geron ya rame.

Ɗangiwa bai kai ƙara ba. Sai dai duk la'asar ɗin da iska ta juya gabas, ya tumɓuke bini-da-zugu guda, ya ja shi ɗanye zuwa bayan dangar Atu, ya haɗa da kara ya cinna wuta. Gidan ya turnuƙe, Atu ya fito yana tari.

"Yi haƙuri, yanzu shukar za ta shanye," in ji Ɗangiwa.

Atu ya je wurin mai gari. Aka ce masa ba a shiga wasan taubasai. Mutane suka ba Ɗangiwa baki, ya ce kalma guda ta ban haƙuri yake jira daga bakin Atu. Ba ta zo ba.

Kowane ramin da ya tumɓuke shukar kuwa, sai ya zuba taki ya binne irin gawo. Wasu sun tsiro, sun kai gwiwa.

Ya rasu bara, saura layi ɗaya na yamma bai tumɓuke ba. Da aka zo wanka, aka zazzage aljihun rigarsa, 'ya'yan gawo suka zubo. Atu ne ya tara hannu.