Lambar Maryamu a Wuyan Bello

Ranar Lahadi ta biyu bayan Ista, shekarar da nake aji huɗu na firamare a Gummi, Fada ya iso cocinmu a kan babur, farar rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Bazara ce sosai, irin wadda kwanon rufi ke ƙara da kansa don zafi. Cocin ɗan ɗaki ne na laka a gefen gari, ƙararrawarmu kuwa tsohon wilin mota da aka rataye a jikin bishiyar dogon yaro. Duk Katolikan garin ba mu cika benci shida ba: malaman makaranta, 'yan sanda biyu, masu shago, da 'yan gidaje irin namu da suka zo daga wajen Zuru. Sau ɗaya a wata muke ganin Fada, saboda haka in ya zo sai ya zazzage mana wa'azin wata guda. Ran nan ya miƙa yatsa ya ce, "Duk wanda aka yi wa baftisma an aike shi. Abin da ka karɓa ba na ɓoyewa ƙarƙashin gado ba ne. Kai wa ka faɗa wa? Ke wa kika faɗa wa?" Ina zaune a tabarmar yara a gaba, kuma har gobe ba wanda zai raba ni da cewa yatsan nan ni ya nuna.

Babana malamin makaranta ne. An yi ta yawo da shi daga Anka zuwa Bukkuyum kafin a ajiye shi a Gummi, inda Malam Garba, wani manomi, ya ba mu ɗakuna biyu a cikin gidansa. Samun wurin zama ga irinmu ba wasa ba ne a lokacin, sai da Baba ya sha zagaye kafin a buɗe masa wannan ƙofa. Tsakar gida ɗaya muke, rijiya ɗaya, turmi ɗaya, rumbunan gero uku na Malam Garba suna tsaye a bayan madafa, awaki na ta barbaɗa mana kashi a inda muka share. Matarsa, Gwaggo Hajo, da Innata sun shaƙu tamkar ciki ɗaya suka fito. Tare suke surfe da daka, ɗaya na lugude ɗaya na yi mata tsiya. Da Sallah akushin tuwo da nama ya shigo mana, da Kirsimeti kuwa Baba ya kai wa Malam Garba akuya ya yanka da hannunsa, don kowa a gidan ya ci hankali kwance. Ni Monika aka raɗa mini a coci, amma duk unguwa Talatu suka sani. Aikina ɗebo ruwa, tsinkar yakuwa, roron wake in kaka ta yi, da kuma wanda na fi so, goyon Bello, ɗan autan Gwaggo Hajo. Da shi a bayana nake 'yar gala-gala, da shi nake carafke, har ƙawayena na ce mini uwar Bello, ni kuwa ina wani hura hanci.

Sati guda maganar Fada na cina. Na yi niyyar faɗa wa ƙawata a makaranta, muka zauna a inuwa lokacin hutun ƙarfe tara, na buɗe baki da nufin bishara, sai na ji na ce ta ara mini fensir. Kash! Ni da bakina bai taɓa mutuwa ba a faɗa, ran nan ya ƙi tashi. Ana cikin haka ƙyanda ta kama Bello. Jikinsa ya yi zafi zau, idanunsa suka yi ja suka manne, yaron da ke tsalle in ya gan ni ya koma ko kuka ba ya iyawa sosai. A bazarar nan ciwon ya riga ya ɗauki yara a unguwarmu, na kuwa ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Sai wata dabara ta faɗo mini, na ce ai ga aiken da aka yi mini ya zo har gida. Inna tana da wata 'yar lambar ƙarfe mai hoton Maryamu, wadda uwarta ta ba ta ranar aurenta, tana ajiye da ita cikin kwalla tare da carbinta. Na faki ido na ɗauke. Da rana tsaka, da Gwaggo Hajo ta zagaya wanka ta bar ni ina yi wa Bello fifita, na zura lambar a baƙin zare na ɗaura ta a bayan layar da ke wuyansa, na tura cikin riga yadda ba mai gani. Na fito ina tafiya ɗaiɗai, a raina na gama aikin da manya suka kasa.

Kwana biyu asirina ya rufu. Ran na uku da hantsi muka ji Gwaggo Hajo ta saki salati daga ɗaki, ta zo shafe masa jiki da ruwan ɗumi ta ci karo da abin. Kafin azahar gida ya cika. Mata na leƙe suna kama baki, ana cewa Kiristocin nan sun yi wa yaro asiri, dama shi ya sa ciwon ya ƙi sauka. Ƙanin Malam Garba ya tsaya a zaure yana ɗaga murya, wai mu kwashe kayanmu kafin rana ta faɗi. Malam Garba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai aika a kira Baba daga makaranta. Inna ta buɗe kwallarta, ta duba, ta rufe, sannan ta juyo ta dube ni. Ban jira tambaya ba na fashe da kuka, amma da yake kaina da tauri, cikin kukan ma gardama nake, ina cewa ai Fada ne ya ce. Inna ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Fada ya ce ki faɗa, bai ce ki ɓoye ba. Abin da kika yi a jikin ɗan mutane ba da sanin uwarsa ba cin amana ne, ko da sunan Maryamu kika yi shi."

Baba ya shigo fuskarsa duk ta faɗa. Shawararsa ita ce a ce ƙarfen wasan yara ne na tsinta a hanya, a rufe maganar, mu tsira da ɗakunanmu. Ban ga laifinsa ba, yara huɗu gare shi kuma ba inda za mu kwana. Inna ta ce ita kam ba za ta kira Maryamu abin wasa ba don ɗaki, kuma ba za ta yi wa Hajo ƙarya ba. Ta kama ni a wuyan hannu ta ja ni, muka keta matan nan har ɗakin Gwaggo Hajo, ta durƙusa, ta durƙusar da ni. Ta ce lambar tata ce, Talatu ce ta ɗauka ta ɗaura don tana tsoron kada Bello ya mutu, laifi ne babba, a yafe mana. Gwaggo Hajo ta daɗe tana juya abin a tafin hannunta, sannan ta ce, "To mi ne ne shi? Wace ce wagga mata?"

Nan na ga abin da na kasa yi a makaranta. Inna ta gyara zama, ba rawar murya, ba ɗaga murya, ta ce Maryamu ce uwar Yesu. Ta ce ƙarfen ba shi da ikon komai, tuni ne kawai, muna roƙon Maryamu ta taya mu roƙo. Ta ce mun gaskata ɗanta ya mutu dominmu ya kuma tashi, bikin da muka kawo musu shinkafarsa kwanan baya ke nan. Gwaggo Hajo ta ce Nana Maryama sun san ta, suna girmama ta, amma abin da muke faɗa game da ɗanta ba haka suka karɓa ba. Inna ta ce ta sani, tambayarta aka yi, ta kuwa faɗi gaskiyar abin da take kai. Sai Gwaggo Hajo ta miƙo mata lambar ta ce, "Ki roƙa ma Bello Allah can ɗakinki, ina so. Amma kar a sake rataya mai komi." Ta yafa mayafi ta nufi bakin zaure, ina jin ta da kunnena tana ce wa mijinta, "Macen da ba ta ɓoye min addininta ba yau, ba ita za ta yi ma ɗana asiri ba. Ba inda za su."

Ba mu tashi ba. Washegari Baba ya ɗauki Bello da uwarsa zuwa asibiti, Inna kuma ta karɓi girkin gidan duka har ya warware. Kowa ya gode wa Allah ta hanyarsa. Ni kuwa hukuncina shi ne wata guda cur ba a bar ni na goyi Bello ba, ina kallon wata yarinya na yawo da shi a gabana. Ya fi bulala zafi, Allah kuwa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Gwaggo Hajo ba ta bar sallarta ba, Inna ba ta bar cocinta ba, amma ba abin da ɗaya ba ta sani ba na ɗaya, don in an tambayi Inna takan faɗa tiryan-tiryan. In rana ta take, Gwaggo Hajo ce ke karɓe taɓarya ta ce Innar Talatu ta tafi, lokacin addu'arta ya yi. Ranar da Inna ke jinyar ajali, na taho daga Gusau na same ta a ɗakin nan dai, ba ta iya magana. Ni da nake koyar da yara katakizim, wato darasin addini a coci, komai ya ɓace mini, sai kuka. Gwaggo Hajo, da tsufanta, ta dogara sanda ta je ta buɗe kwalla, ta ɗauko carbin da lambar, ta danƙa a hannun Inna, ta juyo ta daka mini tsawa: "Ke Talatu, bar kukan ga! Karanta mata abin nan da takan karanta, kuma a kira mata Fadanku." Bello, wanda ya zama magidanci, shi ya hau babur ya je ya ɗauko shi.

Yanzu hanyar Gummi sai da addu'a ake bin ta, mutane sun koyi tsoron juna, gidaje irin na Malam Garba sun yi ƙaranci. Ina kewar tsakar gidan nan ƙwarai, da sautin taɓarya biyu a turmi ɗaya. Duk da haka ban taɓa shakkar maganar Fada ba. An aike mu, kuma haka nake gaya wa yaran da nake koyarwa: ku yi wa mutane alheri, in an tambaye ku ku faɗa da bakinku, kada ku ɓoye, kada kuma ku cusa. Lambar tana wuyana yau, a saman riga nake sa ta, inda kowa zai gani ya tambaya.