Hadarin da Na Kora Bayan Dutsen Kagoro

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in, ina da shekara ashirin da ɗaya, na yi sama da wata guda babu abin da ke kaina sai gajimare. Ba na sama ba, na cikin kwamfuta. A lokacin ina aiki a wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, inda ake buga wa mutane takardu, a kuma ɗauki bidiyon biki da na suna. Mai shagon wani Alhaji ne, ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa, kakanninsa goro suka sayar a garin. Shi kuwa ya ce zamani ya juya, ya tafi Kaduna ya dawo da kwamfuta a bayan mota, an naɗe ta da bargo kamar jaririya. Ni ce mai buga rubutu a kanta, don na iya keken rubutu tun a makaranta.

Babana bai taɓa yarda cewa aiki nake yi ba. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekara talatin yana ba jirgi hannu, da ya yi ritaya ya koma noman citta. Shi malanta yake so in yi. Ya je da kansa ya karɓo takardar neman shiga kwalejin horon malamai, ya ninke ta gida huɗu, ya sa a aljihun rigarsa na gaba, inda kullum nake ganin bakinta yana leƙo ni. Ƙarshen watan Afrilu ake rufe karɓa.

"Malanta aiki ne," in ji shi. "Naki kuwa zama ne a gaban talabijin. Ki nuna mini abu ɗaya da kika yi a akwatin nan wanda zan kira aiki. In babu, ki cika takarda."

Ni kuma ba na son malanta ko kaɗan. Ina ganin girman malamai, mamata ma ta koyar kafin ta haife ni, amma ni alli yana sa ni atishawa, yara kuma suna sa ni faɗa. Shagon nan nake so, har raina.

Ana cikin haka sai mai gyaran kwamfutarmu ya manta wani faifai a cikin injin. Na buɗe don tsegumi kawai. Ashe wata manhaja ce ta ƙera ƙasa: ka ja nan dutse ya tashi, ka danna can kogi ya kwanta, ka ɗaga rana ko ka sauke ta yadda ka ga dama. Kai, ranar ko abincin rana ban ci ba. Na yi ta jan tudu ina murza shi har ya ɗauki kamannin dutsen Kagoro yadda muke ganinsa daga Kafanchan, doguwar kafaɗar nan da ta tare gabas. Da hoton ya fito sai ga ƙanƙara fara fat a kansa, don mutanen da suka yi manhajar a ƙasar sanyi suke, a wajensu dutse ba ya fita ba hula. Alhaji ya leƙo ya ce, "'Yata, wa ya zubar da gari a kan dutsen mutane?" Na yi dariya har na kusa faɗowa daga kujera, sannan na nemo inda ake cire ƙanƙarar, na shuka ciyawa.

A makon ne zumuntar mata ta cocinmu, wadda mamata take ciki, ta kawo wa Alhaji aikin ɗaukar waƙoƙinsu a kaset ɗin bidiyo. Waƙar farko roƙon ruwan sama ce, don lokacin shuka ya gabato. Alhaji yana tunanin abin da za a sa a farkon kaset kafin mata su bayyana, sai bakina ya riga hankalina. Na ce zan yi musu dutsen Kagoro da gajimare yana tafiya a kansa. Ya ce, "Yana tafiya fa?" Na ce har da rangwaɗa. Ban ma san ko manhajar tana iyawa ba.

Tana iyawa, amma sai ta wahalar da kai. Akwai wani shafi na sama kaɗai, cike da 'yan sanduna da ake ja hagu ko dama: kaurin gajimare, nisansa daga ƙasa, duhunsa, ƙarfin iska, da wata kibiya mai nuna inda iskar ta dosa. Motsi kuwa ba motsi ba ne, hotuna ne ake jerawa, ashirin da biyar a daƙiƙa ɗaya, kowanne gajimaren ya ɗan gusa. Kowane hoto injin zai ɗauki kamar minti biyar yana zana shi layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Mu a shago dafawa muke ce wa wannan. In mutum ya shigo da takardar da za a buga masa, sai Alhaji ya ce, "Yi haƙuri, tukunya na kan wuta," ni kuma in koma kan tsohon keken rubutu in ƙwanƙwasa masa. Daƙiƙa goma nake so, wato hoto ɗari biyu da hamsin. Ga ɗauke wuta, wadda ba ta tashi zuwa sai hoto ya kai rabi. Sau nawa na zagi waya da sandar wuta da duk danginsu, Alhaji yana cewa in ji tsoron Allah yana kuma jan igiyar janareta.

Gajimaren farko da na dafa ya fito kamar kumfar sabulu a bahon wanki. Na biyu ya yi kama da tabon mai. Na zama mai tafiya da kai a sama, ina duba yadda na gaske suke, har wani ɗan acaɓa ya kusa kwashe ni a bakin kasuwa, ya ce, "Sista, jirgin sama kike jira?" Ban ko ji haushi ba. A ƙarshe na samu fararen gizagizai masu laushi, na juya kibiyar iska yadda za su taso daga saman kan mai kallo su lula can su nutse bayan dutse, don haka ya fi kyau a idona, kamar jirgi yana barin tasha. Kwana tara ana dafawa. Ranar da na kalli daƙiƙa goman nan a jere, na yi rawa a tsakiyar shago, ni kaɗai, babu kiɗa.

Na gayyato Baba. Ya zo ranar Talata da kwat ɗinsa ta zuwa coci, takardar nan tana aljihun ciki. Alhaji ya tashi ya ba shi kujerarsa, suka gaisa doguwar gaisuwa, ya gona, ya kasuwa, ya iyali. Na danna.

"Af, wannan ai dutsen Kagoro ne," in ji Baba, ya matso da kujera. Sai gajimare ya fara tafiya, Baba ya ƙura masa ido. Da ya ƙare ya ce in sake. Na sake. Ya cire tabarau ya goge.

"Ke yarinya, ina za su?"

Na ce, "Su wa, Baba?"

"Gizagizan nan. Ina kika aike su?"

Na ce tafiya kawai suke yi, don kyau.

"Kin kori ruwa," ya ce. "Mu nan ruwanmu daga bayan dutsen nan yake fitowa, daga gabas, ya nufo mu. Naki sun tattara kayansu sun koma Jos. Uwarki da ƙawayenta za su buɗe baki su ce Ubangiji ka aiko mana da ruwa, ke kuma kina bayansu kina kora shi da tsintsiya. Wace tsohuwa ce za ta ga wannan ta ce amin?"

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni ban ga abin dariya ba. Kwana tara fa. Na ce ai hoto ne, ba wanda zai lura. Baba ya ce duk wanda ya taɓa binne citta a ƙasa yana jiran sama zai lura, kuma bai gama ba: cikin gajimaren fari ne sol, wanda ke ɗauke da ruwa kuwa cikinsa baƙi ne, sannan gizagizan suna wucewa a kan dutse amma dutsen bai san an yi ba, babu inuwa ko ɗaya. Kunya da haushi suka kama ni. Gaskiya yake faɗa, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ni da aka haifa a gindin wannan sama.

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar kwalejin. Ya ce, "Alhaji, ara mini biro." Na ce a raina shi ke nan, ta ƙare, alli ya ci ni. Ya warware takardar a kan tebur, ya kife ta, ya fara zane a bayanta.

Ya zana dutsen. Ya zana wani ƙullutu yana leƙowa ta bayansa. "Haka yake farawa, kansa fari kamar an tara auduga, yana hawa sama, ba gefe ba. Kada ki ba shi gudu tukuna." Ya ja kibiya. "Sannan ƙasansa ya yi baƙi, ya baje, ya zauna a kan dutsen har ki daina ganin kafaɗarsa. Sannan inuwa ta gangaro, ita take riga ruwa isowa." Ya ce shekara talatin yana ɗakin ba da hannu, tagarsa gabas take kallo, kuma dole ya san ruwan da zai jiƙa layin dogo kafin jirgin kaya ya shigo. Yana magana yana danna biro, har tawada ta huda ta fito ta gaba, daidai inda aka ce a rubuta sunan mai nema. Na gani. Na kawar da ido, ba ni da wautar da zan tuna masa.

Daga ranar, kullum in ya taso daga gona da la'asar sai ya biyo ta shago, da ƙasa a ƙafarsa, ya zauna a bayana. Ba ya taɓa kwamfutar, ya ce ba ya taɓa abin da bai san birkinsa ba. Umarni kawai yake bayarwa. "Ƙara baƙi. A'a, ya yi yawa, wannan ai na Agusta ne." "Rage gudu, hadari ba ɗan acaɓa ba ne." Na gano inda ake kunna inuwar gajimare, ashe a kashe take tun farko don tana ninka lokacin dafawa. Ranar da inuwa ta fara sauka a jikin dutse a hoton gwaji, Baba ya buga cinyarsa, ni na yi ihu, Alhaji ya aika a sayo mana lemo. Shi da Baba har musu suke yi kan ko a sa walƙiya. Alhaji yana so, Baba ya ce hadarin kirki ba ya cika baki. Ba a sa ba. Kwana goma sha shida aka yi ana dafa wannan, ni kuma kowace safiya ina kallon kalandar shago ta wutsiyar ido, ina addu'a kada ya tuna.

An nuna kaset ɗin a coci ranar wata Lahadi bayan sujada, a talabijin ɗin aro da aka ɗora a kan tebur biyu. Rana tsaka, ana zafin da har benci ya yi ɗumi. Dutse ya bayyana, mutane suka yi guɗa don sun gane shi. Sai farin kan nan ya leƙo ta baya, ya hau, cikinsa ya yi baƙi, inuwa ta gangaro tana nufo mu. Wata tsohuwa a bencin gaba ta kama bakin zaninta ta ce a fili, "Wayyo, na bar shanya." Kusan rabin mutane suka juya suka dubi taga, inda rana take ƙwal. Daga nan dariya ta ɓarke, har fasto yana share hawaye, muryar matan zumunta kuma ta shigo da roƙon ruwa. Baba bai dubi taga ba. Ya zauna da hannu a ƙirji yana gyaɗa kai, kamar jirgi ya shigo kan lokaci.

A hanyar gida ni da shi muke tafiya, mama tana baya da ƙawayenta. Murna ta cika ni, amma abin yana cizo na, don ban saba ɓoye masa komai ba. Na ce, "Baba, an shiga Mayu fa. An rufe karɓar takardar nan tun makon jiya."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ni da na yi shekara talatin jirgi bai taɓa wuce ni ban sani ba, ranar wata ce za ta wuce ni?"

Ya zaro takardar, duk ta yi laushi ta sha tawada da gumi, ya miƙo mini ita ta wajen zanen.

"Riƙe da kyau, kayan aiki ne," ya ce. "Kuma wannan na farkon damina ne kawai. Gobe in na taso gona zan nuna miki na Agusta."