Sef ɗin Baban Tagwaye

Na fara ganin Baban Tagwaye ranar Talata, tara ga watan Mayu, a ofishinmu na ba da lasisi. Sabuwar dokar kirifto, wato kuɗin intanet, ta fito, an ce duk mai wannan sana'a ya zo ya yi rajista. Shi kaɗai ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa da rigarsa ta fita unguwa har sai da na ce ya zauna.

Sana'arsa ba ta da wuyar bayani. 'Ya'yan unguwarsu da ke aiki a ƙasashen waje suna turo wa iyayensu kirifto, shi kuma ya karɓa a wayarsa, ya canza, ya damƙa wa tsofaffin kuɗi a hannu, ya cire ɗan ladansa. Da wannan yake ciyar da gidansa. Matarsa ce ta matsa masa ya zo, don ba ta son ranar da za a ce mijinta yana tsare.

'Yan majalisa ba su wahalar da kansu ba. Tsohuwar dokar 'yan canji suka ɗauko, duk inda aka rubuta kuɗin waje suka sa kirifto. Saboda haka ana bukatar shago, da allo, da sef na ƙarfe, kuma a kulle kuɗin jama'a a ciki daga tashi aiki har safiya. Na karanta masa, ya saurara har ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, abin fa a waya yake," in ji shi. "Me zan sa a sef ɗin?"

Na kai tambayar wurin shugabanmu. Ya yi nazari, ya ce tunda kuɗin a waya suke, a kulle wayar.

Baban Tagwaye ya sayar da babur ɗinsa ya sayi sef. Sai da aka fasa gefen ƙofar shagon da ya kama kafin sef ɗin ya shiga, aka sake ginawa. Sufetonmu ya je, ya buɗe, ya tarar da waya a kwance a tsakiya kan farin ƙyalle. Ya gamsu, aka ba da lasisi.

Sai dai yaran nan na waje da yamma suke tashi daga aiki, kuma a lokacin suke turo kuɗi. Maƙwabtan shago sun ce suna jin wayar tana kuka a cikin ƙarfe. Masu sana'ar da ba su yi rajista ba kuwa wayoyinsu na aljihunsu. Tsofaffi suka koma wurinsu ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ma sai da ta zo ta ba shi haƙuri.

"Ɗana, ba ƙin ka na yi ba. Mai sayar da magani ne ba ya jiran sef ɗinka."

Matarsa ta ba shi shawara ya kulle tsohuwar waya, ya tafi gida da ta aikin. Ya ce ya riga ya sa hannu.

Ya je zaman jin ra'ayin jama'a a majalisa, ya roƙi a riƙa binciken yadda ake riƙe kuɗin mutane maimakon inda waya take kwana. Aka gode masa, aka ce za a duba.

A watan Disamba ya dawo mini da lasisin, ya tambaya ko akwai abin da ake biya in za a mayar. Na ce babu. Shekara ta gaba aka cire sashen sef daga dokar.

Yanzu yana awon kaya a wani shagon siminti. Shagonsa wata mai sayar da takalma ce ta kama, har da sef ɗin, don ba ya fita ta ƙofar.