Gwaggo Tela da Japanancin Jikanta

Gwaggo Tela ta tsufa a kan keken ɗinki, a wani ɗan shago da ke tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da magani. Mijinta ya rasu tun ɗansu tilo yana firamare, da allura da zare ta raine shi. Yaron ya yi karatu, aiki ya kai shi Japan, ya yi aure a can, aka haifa mata jika namiji.

Duk ƙarshen mako sukan kira ta ta bidiyo. Sai ta jingine wayar a jikin gwangwanin maɓallai ta ce, "Ina angon nawa?" Angon kuwa ya yi ta zuba mata surutu da Japananci, ita ko kalma ɗaya ba ta tsinta. Abin ya riƙa ci mata rai.

Da ɗanta ya lura, sai ya aiko mata da littafin koyon harshen. "Inna, darasi ɗaya kullum, kin ji?"

Ta sa tabarau ta buɗe. Darasin farko yadda ake gabatar da kai a ofis ne, na biyu tambayar lokacin jirgin ƙasa.

"Ni da ba ni da ofis, jirgin wa zan tambaya?" Ta ɗora littafin a kan kantar shagon, kusa da ragowar yadi.

Ta koma wa jikan. Ya ɗaga kofi ya faɗi sunansa, ta maimaita, ya ƙyalƙyale da dariya ya gyara mata. A haka ta iya ruwa, kare, barci, ba na so, ɗauke ni. Wata rana ta gaida surukarta da abin da ta iya, yarinyar ta rufe baki tana dariya.

"Inna," in ji ɗanta, "maganarki fa irin ta 'yan shekara uku ce."

"To malamin nawa shekararsa nawa?"

Ana nan sai mahaifin surukar ya rasu. Gwaggo ta ce ita da bakinta za ta yi wa matarsa ta'aziyya, ba ta son tafinta. Sai dai duk kalmomin jikanta babu ta wannan rana. Ta sauko da littafin, ta kaɗe ƙura, ta bi shafi-shafi da yatsa har ta samo yadda manya ke jajanta wa juna. Tana taka keke tana bita, masu kawo ɗinki suna kallonta.

Ranar da aka haɗa su a waya, ta faɗi jimlar tsaf. Matar ta sunkuyar da kai ta yi godiya, sannan kuka ya ƙwace mata. Gwaggo ta duba shafin, babu abin da ake cewa bayan wannan. Sai kawai ta faɗi abin da take jin surukarta na faɗa wa yaron idan ya faɗi ƙasa: ya isa, ya isa, zo nan.

Matar ta ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe, ta yi dariya.

Yanzu su biyun kan kira juna ba tare da 'ya'yansu ba. Wannan ta nuna rigar da take ɗinkawa, waccan ta nuna shukokin da mijinta ya bari. Rabin hirar ma da hannu suke yi, amma sukan daɗe.