Fassarar Kawu

Jiya na ci karo da fim ɗin Sinawa da marigayi Kawu yake so, na malamin kung fu da ya kare ƙauyensu daga sojojin wani azzalumin janar.

Ina jami'a a Manchester Mama ta rasu, ban samu zuwa gida ba. Kawu, ƙaninta, ya tafi da ni gidansa a Erdington, ya dafa shayi mai citta, ya kunna fim ɗin. Ba ya jin Kantonis, yaren fim ɗin, amma shi ke fassara. Janar ya daka tsawa, Kawu ya ce, "Tambaya yake, wa ya cinye masa tuwo."

Ranar na fara dariya, sai kuka ya biyo baya. Bai hana ni ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haɗa shi da yayarsa a Aljanna.